Lee Kuan Yew: Firaministan Singafo da ya sauka daga mulki amma ya ƙara shekara 21 a majalisar ministoci

Ranar 28 ga Nuwamban 1990, Lee Kuan Yew ya miƙa ragamar mulkin Singafo ga Goh Chok Tong, bayan ya shafe shekara 31 yana firaminista. Shekararsa 67 a lokacin, lafiyarsa ƙalau, jam'iyyarsa ba ta faɗi zaɓe ba, kuma babu sojan da ya tilasta masa sauka. Kundin tsarin mulkin ƙasar ma bai yanke wa firaminista wa'adi ba. Da ya so ya zarce, babu mai iya hana shi.

Sai dai da sabuwar majalisar ministoci ta yi zamanta na farko, Lee na cikinta. An ba shi muƙamin da babu wata ma'aikatar gwamnati a ƙarƙashinsa, ya ci gaba da aiki a ofishinsa da ke fadar Istana, kuma sunansa ne ke bin na firaminista a jerin ministoci, gaba da mataimakan firaministan. Bai fita daga wannan majalisa ba sai a watan Mayun 2011, yana da shekara 87.

Idan aka fassara sunan muƙamin kai-tsaye zai zama Babban Minista, amma hakan zai iya rikita mai karatu a Najeriya, inda babban minista ke nufin wanda ke riƙe da ma'aikata da ƙaramin minista a ƙarƙashinsa. A Singafo girman na shekaru ne da gogewa, don haka Dattijon Minista ya fi kama ma'anar. Kundin tsarin mulki bai ambaci muƙamin ba. Firaminista ne ke ba wanda ya ga dama daga cikin 'yan majalisa, kuma nauyin kujerar ya danganta da wanda ke kanta.

Da wannan kujera ce Lee ya warware matsalar da ta kayar da shugabanni da dama na zamaninsa, wato yadda mutum zai miƙa mulki ba tare da abin da ya gina ya rushe ba. Da ita kuma ya bar wa 'yan ƙasarsa tambayar da suka shafe shekara 21 suna yi a ɓoye: shin wa ke riƙe da akalar?

Ɗan boko da yaƙi ya sauya

An haifi Lee ranar 16 ga Satumban 1923, lokacin tsibirin Singafo na ƙarƙashin mulkin mallakar Birtaniya. Kakan mahaifinsa ne ya yi ƙaura zuwa can daga lardin Guangdong na kudancin Chaina. Gidansu na 'yan boko ne da ke ganin girman Turawa, har ma aka raɗa masa sunan Harry. Da Ingilishi da Malayanci ya tashi, bai koyi harshen Sinanci sosai ba sai da ya shiga siyasa ya ga ba zai iya yi wa masu zaɓensa jawabi ba.

A Kwalejin Raffles ya yi karatu tare da Kwa Geok Choo, ɗalibar da ta sha gabansa a jarrabawar Ingilishi da tattalin arziki, wadda daga baya ta zama matarsa.

A watan Fabrairun 1942 sojojin Japan suka kama Singafo, dubban sojojin Birtaniya suka miƙa wuya. Mamayar ta fara da tattara matasan Sinawa ana tantance su, waɗanda aka ware kuma aka kwashe su a manyan motoci aka je aka harbe. Dubban mutane ne suka mutu. Lee, wanda ke da shekara 18, ya tsallake rijiya da baya: an umarce shi ya shiga sahun waɗanda aka ware, sai ya roƙi a bar shi ya kwaso kayansa, ya samu wuri ya laɓe.

Sauran shekarun mamayar ya yi su ne yana neman na abinci. Ya koyi Japananci, ya yi aiki a sashen watsa labarai na sojojin Japan, ya kuma yi kasuwancin bayan fage, har da sayar da gam da ake haɗawa da rogo. Daga baya ya sha bayyana cewa shekarun nan uku da rabi sun koya masa fiye da abin da jami'a ta koya masa. Ya ga cewa Turawa ba su fi ƙarfin a ci su da yaƙi ba, ya kuma ga yadda tsoron hukunci mai tsanani ke sa mutane su miƙe. Darasi na biyun bai taɓa barinsa ba.

Bayan yaƙi ya tafi Ingila a 1946, ya karanta shari'a a Jami'ar Cambridge, ya fita da sakamako mafi daraja a 1949. Can suka yi aure a asirce da Kwa a Disamban 1947, sannan suka sake ɗaurawa a gaban iyaye bayan sun koma gida a 1950.

Daga lauyan ƙwadago zuwa firaminista

Lee ya yi suna ne a matsayin lauyan ƙungiyoyin ƙwadago, tun daga yajin aikin ma'aikatan gidan waya na 1952. A Nuwamban 1954 shi da abokansa suka kafa jam'iyyar PAP. Haɗakar zaman doya da manja ce: a gefe guda 'yan boko masu karatun Ingila irin su Lee da Goh Keng Swee da Toh Chin Chye da S. Rajaratnam, a ɗaya gefen kuma shugabannin ƙwadago masu ra'ayin gurguzu irin su Lim Chin Siong, waɗanda su ne ke da talakawa a hannu. Kowane ɓangare na amfani da ɗan'uwansa ne don a kori Turawa.

A 1955 ya ci zaɓen ɗan majalisa daga mazaɓar Tanjong Pagar, yankin ma'aikatan tashar jiragen ruwa, kuma ya riƙe kujerar har ya mutu. A zaɓen 1959 PAP ta lashe kujeru 43 cikin 51, Lee ya zama firaminista yana da shekara 35.

Haɗakar ta fashe a 1961, masu ra'ayin gurguzu suka ɓalle suka kafa jam'iyyar Barisan Sosialis. A Fabrairun 1963 jami'an tsaro suka kama fiye da mutum 100 a dare ɗaya, ciki har da Lim Chin Siong, aka tsare su ba tare da shari'a ba. Har yau masana tarihi na jayayya kan ko barazanar tsaro ce ta gaske aka daƙile, ko kuwa abokan hamayya aka kawar daga hanya.

Lee ya yi imanin cewa tsibirin ba zai rayu shi kaɗai ba, don haka ya jagoranci shigarsa tarayyar Malesiya a Satumban 1963. Auren bai yi ƙarko ba. Gwamnatin Kuala Lumpur na son tsarin da zai fifita 'yan ƙabilar Malay, shi kuwa Lee na neman a daidaita kowa. Ranar 21 ga Yulin 1964 rikici ya ɓarke tsakanin Malay da Sinawa yayin jerin gwanon Maulidi a Singafo, mutum 23 suka rasa rayukansu. Ranar 9 ga Agustan 1965 aka raba gari, Lee ya zubar da hawaye a talabijin yana sanar da jama'a.

Ƙasar da aka bar masa ba ta kai murabba'in kilomita 600 ba, jama'arta ba su cika miliyan biyu ba, babu man fetur, babu ma'adinai, ruwan sha ma daga Malesiya ake janyo mafi yawansa.

Wata biyar bayan haka, Lee ya zo Legas. Firaminista Abubakar Tafawa Ɓalewa ne ya karɓi baƙuncin shugabannin ƙungiyar ƙasashen renon Ingila a ranakun 11 da 12 ga Janairun 1966, don tattauna batun Rodeshiya. Kwana uku da tashi daga taron sojoji suka yi juyin mulki, aka kashe Tafawa Ɓalewa da Sardauna Ahmadu Bello da wasu. Lee na birnin Accra lokacin da labarin ya same shi, kuma a watan da ya biyo baya aka hamɓarar da mai masaukinsa na can, Kwame Nkrumah. Ya ba da labarin wannan tafiya a littafin tarihin rayuwarsa da ya fito a 2000. Cikin makonni shida ya ga gwamnatoci biyu da suka karɓe shi sun rushe.

Abin da ya gina, da waɗanda suka ji a jikinsu

Ba Lee kaɗai ya gina Singafo ba, ko da yake sunansa ne ya danne na kowa. Goh Keng Swee ne ya tsara tattalin arziki, ya mayar da fadamar Jurong yankin masana'antu, ya kuma kafa rundunar soja. Lim Kim San ya jagoranci hukumar gidaje da aka kafa a 1960. Wani masani ɗan ƙasar Holand, Albert Winsemius, ya shafe fiye da shekara 20 yana ba su shawara. Aikin Lee shi ne riƙe siyasa da ƙarfi ta yadda waɗannan za su yi aikinsu.

A lokacin da ƙasashe masu tasowa ke korar kamfanonin waje, Singafo ta buɗe musu ƙofa. Daga 1968 aka bai wa ma'aikata damar amfani da kuɗin asusun ajiyarsu na dole wajen sayen gida, abin da ya sa a yau kusan mutum takwas cikin goma ke zaune a gidajen da gwamnati ta gina, akasari mallakinsu. Daga 1989 aka ƙayyade wa kowace ƙabila kaso a kowane rukunin gidaje, don kada a samu unguwar ƙabila ɗaya. An bar Malayanci a matsayin harshen ƙasa, aka kafa majalisar kula da harkokin Musulunci a 1968, sannan daga 1975 aka fara tara kuɗin gina masallatai ta hanyar cire wani abu kaɗan daga albashin Musulmi.

Hukumar yaƙi da cin hanci na ƙarƙashin ofishin firaminista, kuma ba sani ba sabo take aiki. A 1986 ta binciki ministan raya ƙasa, Teh Cheang Wan, kan zargin karɓar rashawa. Ya nemi ganin Lee, Lee ya ƙi ganinsa sai an kammala bincike. Ministan ya kashe kansa a watan Disamban shekarar.

Kuɗin da ke zuwa wa kowane ɗan ƙasa a ƙiyasi ya tashi daga kusan dala 500 a 1965 zuwa kusan dala 12,000 a shekarar da Lee ya sauka.

Masu yabonsa daga nesa kan tsaya a nan, amma labarin bai ƙare ba. Chia Thye Poh, tsohon ɗan majalisa na Barisan, an kama shi a 1966, ya yi shekara 23 a tsare ba a taɓa gurfanar da shi a kotu ba, sannan aka yi masa ɗaurin talala na wasu shekara tara. A 1987 an tsare mutum 22, ciki har da ma'aikatan cocin Katolika da lauyoyi, bisa zargin makircin gurguzu. Daga 1968 zuwa 1981 babu ɗan adawa ko ɗaya a majalisa. Wanda ya karya wannan tarihi, J.B. Jeyaretnam, ya sha ƙararrakin ɓata suna daga Lee da sauran jagororin PAP, har kotu ta ayyana shi a matsayin wanda ya yi karayar arziki a 2001, ya rasa kujerarsa.

Yadda aka ƙirƙiro kujerar

Tun a shekarun 1970 Lee ya fara neman magada. Yana zaƙulo matasa daga bankuna da kamfanoni da jami'o'i da rundunar soja, a yi musu tambayoyi har da gwajin ƙwaƙwalwa, a tsayar da su takara, a ba su ƙananan muƙamai a gani. Wanda ya gaza a sallame shi.

Wahalar ita ce yadda za a yi da tsofaffin abokan gwagwarmaya. Wasu sun sauka cikin mutunci, kamar Goh Keng Swee da ya bar siyasa a 1984. Wasu kuwa sun ji ciwo. Toh Chin Chye, shugaban jam'iyyar na farko, an cire shi daga majalisar ministoci a 1981, ya koma ɗan majalisa kawai yana sukar gwamnati.

A cikin wannan sauyi ne aka fito da muƙamin Dattijon Minista a 1985, kuma ba don Lee aka fara shi ba. Wanda ya fara riƙe shi S. Rajaratnam ne, ɗan jaridar da aka haifa a Sirilanka, wanda ya yi ministan harkokin waje daga 1965 zuwa 1980, sannan mataimakin firaminista na biyu. Ana buƙatar kujerarsa ta mataimaki don a ba matasa, amma ba a son a tura shi gida kai-tsaye. Ya riƙe sabon muƙamin har 1988 ya yi ritaya. A hannunsa girmamawa ce zalla.

Game da wanda zai gaje shi, Lee ya ƙi naɗa kowa da kansa. Dalilinsa shi ne idan matasan ne suka zaɓi shugabansu, dole su mara masa baya, idan kuwa shi ya ɗora musu, za su zuba ido su ga faɗuwarsa. A ƙarshen 1984 suka zauna suka zaɓi Goh Chok Tong.

Lee bai ɓoye cewa ba Goh ne zaɓinsa na farko ba. A jawabinsa na ranar ƙasa a 1988 ya faɗa wa duniya cewa Tony Tan ya fi so. A wannan shekarar ya kwatanta Goh da itace saboda yadda yake sandarewa idan zai yi magana a gaban jama'a. Kuma a jawabin nan na 1988 ne ya yi gargaɗin da aka fi tunawa da shi, cewa ko yana kan gadon jinya, ko ma ana shirin saka shi a kabari, idan ya ga abu na shirin lalacewa zai tashi.

Duk wanda ya ji wannan ya san irin saukar da za a yi.

Shekara 14 a gefen Goh

Da Lee ya hau kujerar a 1990, ta zama wani abu dabam da yadda Rajaratnam ya bar ta. Ya ci gaba da zama babban sakataren PAP har 1992. Ya riƙe shugabancin GIC, hukumar da ke juya asusun ajiyar ƙasar a kasuwannin duniya, tun kafa ta a 1981 har 2011. Yana halartar kowane zaman ministoci, yana ganin takardun gwamnati, albashinsa kuma bai yi nisa da na firaminista ba.

Amfanin hakan a bayyane yake. Masu zuba jari ba su firgita ba, sauyin ya wuce lami lafiya. A Nuwamban 1992, lokacin da aka sanar cewa mataimakan firaminista biyu, Ong Teng Cheong da Lee Hsien Loong, duk suna fama da cutar daji, kasancewar dattijon a gwamnati ta kwantar da hankalin mutane da yawa.

A waje kuma ya zama jakadan da babu irinsa. Dangantakarsa da shugabannin Chaina ta ƙara ƙarfi tun ziyarar Deng Xiaoping a Singafo a Nuwamban 1978. Shi ya tsaya kan aikin yankin masana'antu na Suzhou da ƙasashen biyu suka fara a 1994, duk da cewa aikin ya sha wahala a shekarun farko. Shugabannin Amurka na neman jin ra'ayinsa kan Chaina, na Chaina kuma kan Amurka. Ƙaramar ƙasa ta samu murya da ta fi girmanta.

Goh ya hau mulki da alƙawarin sassauci da tuntuɓar jama'a. Ya kira zaɓe a 1991, PAP ta rasa kujeru huɗu. A 1994 marubuciya Catherine Lim ta rubuta a jarida cewa salon Lee mai tsauri na danne salon Goh. Martanin da ta samu mai zafi ne: Goh ya nuna cewa mai son tsoma baki a siyasa sai ya shiga jam'iyya ya tsaya takara. Ga masu lura da al'amura, zafin martanin ya ƙara wa maganarta ƙarfi.

Goh dai ya sha nanata cewa shi ke yanke hukuncin ƙarshe, kuma ba adalci ba ne a kira shi ɗan amshin shata. Ya yi shekara 14 a kan mulki, ya ratsa da ƙasar cikin rikicin kuɗi na Asiya na 1997, ya ci kashi 75 cikin 100 na ƙuri'u a 2001. A 1996 ma shi ya sa aka binciki rangwamen da wani kamfani ya yi wa Lee da ɗansa wajen sayen gidaje, aka tattauna batun a majalisa, ba a same su da laifi ba, suka bayar da kuɗin rangwamen sadaka. Amma da wuya ƙaramin minista ya ja da mutumin da ya ɗauko shi daga ofis ya mayar da shi ɗan siyasa, alhali mutumin na zaune a teburi ɗaya da shi.

Uba a majalisar ɗansa

Ranar 12 ga Agustan 2004 Goh ya sauka, babban ɗan Lee, wato Lee Hsien Loong, ya zama firaminista. Nan aka samu tsofaffin firaministoci biyu da kujera ɗaya. Sai aka ba Goh muƙamin Dattijon Minista, aka ƙirƙiro wa Lee sabo, wanda za a iya kira Minista Jagora, wato mai koyar da na baya da yi musu nasiha. Shekararsa 80.

Zancen gadon mulki ya ƙara ƙarfi. Ɗa na firaminista, uba na majalisar ministoci kuma yana shugabantar GIC, matar ɗan, Ho Ching, na shugabantar kamfanin zuba jari na gwamnati Temasek, ƙanen firaministan, Lee Hsien Yang, na shugabantar kamfanin sadarwa na SingTel. Iyalin sun dage cewa cancanta ce ta kai kowa inda yake, kuma duk jaridar da ta yi zargin son kai sai ta tsinci kanta a kotu. Jaridar International Herald Tribune ta biya diyya a 1995 kan irin wannan rubutu, ta sake biya a 2010.

Lee ya riƙa bayyana kansa a wannan lokaci a matsayin mai hangen nesa kawai, ba mai zartarwa ba. Akwai alamar gaskiya a ciki. Ya shafe shekaru yana adawa da buɗe gidajen caca, amma da gwamnatin ɗansa ta yanke shawarar ba da lasisin guda biyu a 2005, ya tashi a majalisa ya goyi baya.

A gida kuwa rayuwa ta yi masa nauyi. Matarsa ta samu shanyewar ɓarin jiki a Landan a 2003, ciwon ya sake buge ta a 2008 har ta daina magana. Kullum da dare yakan zauna a gefen gadonta ya karanta mata littattafai. Ta rasu ranar 2 ga Oktoban 2010, bayan zaman aure na sama da shekara 60.

Shekarar 2011 ce ta nuna cewa zamani ya wuce salon maganarsa. A watan Janairu aka fitar da wani littafin hirarraki da shi, inda ya nuna cewa tsananin riƙo da addini na hana Musulmin ƙasar cuɗanya da sauran jama'a, ya kuma shawarce su da su sassauta. Musulmi, waɗanda suka kai kusan kashi 15 cikin 100 na al'ummar, sun fusata. Firaminista ya fito ya ce ra'ayin gwamnati ya sha bamban da na mahaifinsa, sannan a watan Maris Lee ya fitar da sanarwa cewa ya karɓi gyara.

Ana cikin yaƙin neman zaɓen watan Mayu ya gargaɗi mutanen mazaɓar Aljunied, mai kujeru biyar, cewa idan suka zaɓi 'yan adawa za su yi shekara biyar suna nadama. A shekarun baya irin wannan magana kan sa mutane su shiga taitayinsu. Wannan karon matasa sun yi mata ca a Facebook da sauran shafukan intanet. Ɗansa ya tsaya a taron gangami ya nemi afuwar jama'a kan kurakuran gwamnati, abin da ba a saba ji daga bakin firaministan Singafo ba.

Ranar 7 ga Mayu jam'iyyar ma'aikata ta lashe Aljunied, ministan harkokin waje George Yeo ya rasa kujerarsa. PAP ta samu kujeru 81 cikin 87, amma kashi 60 cikin 100 na ƙuri'u kawai, mafi ƙaranci tun samun 'yancin kai. Mako guda bayan haka, ranar 14 ga Mayu, Lee da Goh suka fitar da sanarwar haɗin gwiwa cewa za su bar majalisar ministoci don matasa su ci gaba.

An ba Goh laƙabin Dattijon Minista Murabus, na girmamawa kawai, ba tare da kujera a majalisar ministoci ba, kamar dai yadda basarake ke sauka ya ci gaba da amsa sunan sarautarsa. Lee ya koma ɗan majalisa mai wakiltar Tanjong Pagar, da muƙamin babban mai ba GIC shawara.

Gidan da ya ce a rushe

An kwantar da Lee a Babban Asibitin Singafo ranar 5 ga Fabrairun 2015 saboda ciwon huhu, ya mutu ranar 23 ga Maris yana da shekara 91. An yi makokin kwana bakwai. Kimanin mutum 450,000 ne suka bi layi, wasu na tsawon sa'o'i, don wucewa ta gaban gawarsa a ginin majalisa. Ranar 29 ga wata dubban jama'a suka tsaya cikin ruwan sama kamar da bakin ƙwarya suna kallon wucewar akwatinsa, kafin a ƙona gawar. A zaɓen da aka yi watanni shida bayan haka PAP ta samu kusan kashi 70 cikin 100.

Lee ba ya son a gina masa mutum-mutumi, kuma ya rubuta a wasiyyarsa cewa a rushe gidansa mai lamba 38 a titin Oxley, inda aka yi tarukan kafa PAP. Wannan gida ne ya raba kan 'ya'yansa. A 2017 Lee Wei Ling da Lee Hsien Yang suka zargi yayansu a fili da neman adana gidan don cin ribar sunan mahaifinsu a siyasa. Firaministan ya musanta, ya kai maganar gaban majalisa. Wei Ling ta rasu a Oktoban 2024, a watan ne kuma Hsien Yang ya sanar cewa Birtaniya ta ba shi mafakar siyasa.

Muƙamin Dattijon Minista ya kwanta daga 2011 har 2019, lokacin da aka farfaɗo da shi aka ba Teo Chee Hean da Tharman Shanmugaratnam, wanda ya zama shugaban ƙasa a 2023. Ranar 15 ga Mayun 2024 Lee Hsien Loong ya miƙa mulki ga Lawrence Wong bayan kusan shekara 20, aka kuma rantsar da shi a matsayin Dattijon Minista a majalisar magajinsa. Shi ne tsohon firaminista na uku a jere da ya bi wannan hanya. Muƙamin Minista Jagora kuwa ba a sake ba kowa shi ba tun 2011.